Gwaji Ya Ce Babu, Jiki Ya Ce Akwai

A makon ƙarshe na Disambar 2021, lokacin da hazo ya lulluɓe Kano har Dala ba ya ganuwa daga nesa, tari ya shiga gidan yayata. Maigidanta ya fara. Bai zargi komai ba, tafiya ce ta taso masa zuwa ƙasar waje, kuma a wancan lokacin ba a hawa jirgi sai da takardar gwajin korona. Sakamako ya fito yana ɗauke da cutar, tafiya ta fasu. Kwana biyu tsakani babban ɗansu ya kwanta, ƙanwarsa ta bi shi. Aka samo 'yan kwalayen gwajin nan-take aka gwada yaran, layi biyu ya fito wa kowannensu raɗau.

Ita ce ta yi jinyar su ukun, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Ta wayi gari maƙogwaro kamar ta haɗiyi ƙaiƙayi, kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an kwana ana dukanta. Ta ɗauki kwali ɗaya ta gwada kanta. Layi ɗaya.

Da ta kira ni a waya, muryarta a dishe take. "Auta, ka ji wai ni lafiyata ƙalau," in ji ta. Abin da na ji a muryar ya fi kama da kunya fiye da tsoro, kamar ɗan robar nan ya ƙaryata ta a gaban iyalinta. Nan da nan gida ya yanke hukunci: gajiyar jinya ce, sanyi ne, ta sha citta da lemun tsami za ta ware. Ta ɗaura zani ta koma kicin tana dafa bango. Ga shi kuma saura kwana uku sunan jaririn ƙanwar mijinta, kowa na sa ran ganinta tun da sassafe.

Na ce, "Yaya, don Allah ki dakata, ki sake gwadawa jibi." Ta sake. Layi na biyu ya fito, siriri, sai an kai shi bakin taga ake ganinsa. Ni kuwa da nake kai musu abinci ina tsayawa a ƙofar falo, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka kayar da ni. Sau uku na gwada cikin kwana biyar, layi ɗaya nake gani har na warke.

Tun daga lokacin nake bibiyar wannan al'amari, domin na ga yadda sakamako ɗaya ya kusa tura mace mai zazzaɓi cikin ɗakin mai jego.

Ɗan gwajin nan ba ya auna ciwo. Abin da yake nema wani ɓangare ne na jikin ƙwayar cutar, wani furotin, a cikin 'yar majinar da tsinken auduga ya lakato daga hanci. In ƙwayar ta yi yawa a wurin, layi na biyu ya bayyana. In ta yi kaɗan, ko tana can maƙogwaro ba ta hauro hanci ba tukuna, sai ya yi shiru. Gwajin PCR da ake yi a ɗakin bincike ya fi shi ido, saboda shi yana ɗaukar ɗan abin da ya samu na ƙwayar halittar cutar ne ya yi ta ninkawa, zagaye bayan zagaye, sau talatin zuwa arba'in, har abin ya isa a gani. Amma shi ma sai tsinken ya ɗauko wani abu kafin a samu na ninkawa.

Mu da muka saba da duban jinjirin wata bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ran ashirin da tara jama'a kan fito bayan magariba su zuba wa yamma ido, wani lokaci a koma gida ba a gani ba, ko don ƙanƙantarsa ko don hazo. Babu mai cewa wata ya ɓace daga sama. Cewa ake ba a gan shi yau ba, gobe a sake dubawa. Layi ɗaya a rana ta farko ta ciwo ma'anarsa ke nan.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci daga ko'ina ta tace, ta fitar da bita a 2022 kan gwajin nan-take na korona. A cikin masu alamun ciwo da aka tabbatar suna ɗauke da cutar, gwajin ya kama kimanin kashi 73 cikin ɗari. A cikin waɗanda ba su da alamu, kusan kashi 55. Wato ko a cikin masu tari da zazzaɓi, kusan mutum ɗaya cikin huɗu zai ga layi ɗaya alhali cutar na jikinsa. Tun a 2020 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka suka lissafa cewa PCR kansa yakan kuskure kusan kashi 38 cikin ɗari a ranar da alamu suka fara, kuskuren ya sauko zuwa kashi 20 bayan kwana uku. Shi ya sa a watan Agustan 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shawarci duk mai alamun ciwo da ya ga layi ɗaya ya sake gwadawa bayan awa 48, wanda ya yi cuɗanya da mai cutar amma bai ji komai ba kuma ya gwada har sau uku, kwana bibbiyu tsakani.

Akwai wani abu da ya sauya tsakanin farkon annobar da lokacin da yayata ta kwanta, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A 2020, jikin mutane bai san wannan baƙuwar ƙwaya ba. Takan shiga ta yi kwana biyar ko shida tana hayayyafa kafin garkuwar jiki ta farga, saboda haka ranar da mutum ya fara jin ciwo hancinsa ya riga ya cika da ita. Amma zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, yawancinsu ba ƙwayar ce ke haddasa su kai tsaye ba, ƙurar yaƙin da jiki ke yi da ita ce. Wanda ya yi allurar rigakafi, ko ya taɓa kamuwa, jikinsa ya san fuskar ɓarawon. Da ya ji motsi a bakin ƙofa sai ya kwarma ihu, tun ɓarawon bai gama shigowa ba. Yayata ta yi allura biyu a shekarar. Ciwon da ta ji ranar farko na gaskiya ne, jikinta ne ya riga gwajin ganewa.

Wani bincike da aka yi a jami'ar Emory da ke Atlanta, aka wallafa a 2023, ya tabbatar da haka. A cikin manyan da akasarinsu sun yi rigakafi ko sun taɓa kamuwa, yawan ƙwayar korona a hanci bai kai ƙololuwa ba sai wajen rana ta huɗu da fara ciwo. Mai gaggawar gwaji a safiyar farko ya zo duban wata tun rana ba ta faɗi ba.

Sai kuma hannun mai gwajin. Na ga yadda mutane ke yi: a ɗan shafa tsinken a bakin hanci a zare da sauri don kada a yi atishawa. A hunturu kuwa hanci a bushe yake ƙamas, wani har da tsagewa da jini, babu mai son a taɓa masa shi. Takardar da ke cikin kwalin kan ce a juya tsinken sau da yawa a jikin bangon kowace kafar hanci, a ɗiga adadin ɗigon da aka faɗa, a karanta bayan minti goma sha biyar, kada a bari ya wuce rabin awa. Yawancin irin waɗannan kwalaye an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30. Duk wanda ya san shagon kemis mai rufin kwano a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, inda zafi ke haura 40, ya san abin da kwalin ya sha kafin ya iso hannunsa.

To, wanda ya gwada sau uku yadda ya kamata, kamar ni, bai ga komai ba fa?

A nan kimiyya ta gano wani abu mai ban sha'awa. A 2021 masu bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan suka ɗauki matasa 36 masu ƙoshin lafiya, da yardarsu, waɗanda ba su yi rigakafi ba, suka ɗiga musu ƙwayar korona a hanci da gangan, suka killace su a asibiti ana duba su safe da yamma. Mutum 18 ne cutar ta kama sosai. Sauran, duk da an zuba musu ita a hanci, ba ta samu wurin zama ba. A waɗanda ta kama, a maƙogwaro aka fara ganinta kafin hanci. Daga baya aka zurfafa bincike kan mutum 16 daga cikinsu, aka wallafa a mujallar Nature a 2024: shida cutar ta zauna a jikinsu, uku gwaji ya nuna ta na ɗan lokaci ta ɓace, bakwai kuwa PCR bai taɓa ganinta ba, amma an ga alamun garkuwar hancinsu ta tashi ta yi faɗa. Haka ma wani rukuni a University College London ya bibiyi ma'aikatan asibiti da suka yi aiki cikin masu korona a zangon farko na annobar ba tare da gwaji ya taɓa kama su ba, ya tarar da cewa wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira T sun ƙaru a jininsu, alamar cutar ta taɓa su an murƙushe ta tun tana jaririya. Ana kyautata zaton jikinsu ya koyi dabarar ne daga 'yan uwan korona guda huɗu da suka daɗe suna yawo cikin mutane suna sa mura.

Wannan na nufin zama ɗaki ɗaya da mai cuta ba ya wajabta kamuwa. Wata bita da ta haɗa binciken gidaje daga ƙasashe da yawa ta nuna cewa a farkon annobar kusan mutum ɗaya cikin shida na mutanen gida ne ke ɗauka daga majinyaci, a zamanin nau'in Omicron kuwa, wanda Afirka ta Kudu ta fara sanar da duniya a Nuwamban 2021, abin ya haura huɗu cikin goma.

Kuma kada a manta, gwajin tambaya ɗaya tak yake amsawa. Kalmar mura da muke faɗa jimla ce, a ƙarƙashinta akwai ƙwayoyin bairos sama da 200. Akwai rino, wadda ta fi kowace yawa, ita kaɗai nau'inta ya haura ɗari. Akwai infuluwenza mai kayar da ƙato a gado rana ɗaya. Akwai RSV, akwai adino mai haɗawa da jan ido, akwai HMPV da aka gano a Holan a 2001, wadda ta cika wayoyin mutane da jita-jita a Janairun 2025 kamar sabuwar annoba. Gida mai yara huɗu da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, ba abin mamaki ba ne ƙwaya biyu su haɗu a cikinsa mako ɗaya. Ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ita kanta tana busar da maƙogwaro, ta sa tari, ta tayar wa mai asma ciwonsa ba tare da wata ƙwaya ba.

RSV ta fi damuna a cikinsu, saboda salonta. A jikin babba ba ta wuce 'yar mura, kuma ƙwayar ba ta yawa a hancinsa, don haka gwajin nan-take yakan kuskure ta a manya fiye da yara. A ƙirjin jariri kuwa takan toshe ƙananan hanyoyin iska. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna ta kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 3.6 a asibiti a duniya, ta kashe kimanin 100,000, kuma kashi 97 cikin ɗari na mace-macen a ƙasashe irin namu ne. Gwaggon da ta zo barka tana jan hanci, ta karɓi jinjiri ta sumbace shi da zuciya ɗaya, ba ta san abin da ta bar masa ba.

Gaskiyar magana, yawancin gidajenmu babu wannan kwali, kuma tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona a ranar 5 ga Mayun 2023 kusan babu mai neman sa. Amma labarin yayata yana maimaita kansa kullum a asibitocinmu da shagunan magani, da wani gwajin daban: na maleriya. Mutum ya zo da zazzaɓi da tari da yoyon hanci, yaransa biyu na gida da irin wannan. A tsaga yatsa, a ɗiga jini, layi ɗaya. Sai ka ga fuskarsa ta canza, irin canjin da na ji a muryar Yaya. Ya biya kuɗi, ya baro sana'arsa, a ce masa ba a ga komai ba? Wani sai ya ce injin ne bai iya ba. Wani ya wuce ɗakin gwajin gaba a yi masa Widal, gwajin taifot ɗin nan da ya samo asali tun 1896, wanda a ƙasashen da cutar ta yi yawa yakan nuna akwai a jinin mai lafiya garau. Ya fito da takarda mai cewa "maleriya da taifot", hankalinsa ya kwanta don ciwonsa ya samu suna. Daga nan sai allurai, sai kafso ja-da-yalo, sai ƙarin ruwa. Bayan kwana biyar ya warke, kamar yadda da ma murar za ta sake shi, ya gode wa allurar.

Ina jin tausayinsa, domin abin da yake nema shi ne a yarda ba shi da lafiya, kuma yana da hakkin a yarda. Sai dai farashin na da tsada. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos ko kaɗan, abin da yake yi shi ne horar da bakteriyar da ke jikinmu su daina jin magani. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriyar da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina asara. Da ma'aikacin lafiya zai ɗauki minti biyu ya ce, "Baba, ba ka da lafiya, na gani. Maleriya ce dai babu. Alamu sun nuna abin da ke damun yaranka ne ya kama ka, in zazzaɓin ya wuce kwana biyu ko uku ka dawo mu sake dubawa," da mutane da yawa ba su tsallaka titi neman wata takardar ba. Gwajin maleriya kam dole ne ga mai zazzaɓi a ƙasarmu, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya. Abin da ake faɗa wa mutum bayan gwajin ne ke da gyara.

Mutanen Kano sun taɓa ganin wannan darasi a babban allo. An tabbatar da mai korona na farko a jihar ranar 11 ga Afrilun 2020. Cikin makonnin da suka biyo baya masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, dattawa da malaman jami'a da masu sarauta na ta rasuwa, a daidai lokacin da ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. A takarda masu cutar ba su da yawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon tawagar da ta bi gida-gida tana tambayar iyalan mamata: mutum 979 sun rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Akasarinsu ba a taɓa sa musu tsinke a hanci ba.

Likitoci suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da ta dace da hankalin kowa. In cuta ta tabbata a cikin gida, kai ma ka tashi da irin alamunta, to a ɗauka ita ce har sai an ga akasi, ko me gwajin farko ya ce. A kan infuluwenza ma, inda gwajin nan-take kan kama kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari kawai, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada likita ya jira sakamako kafin ya ba tsoho ko mai ciki ko mai ciwon suga maganin oseltamivir, saboda ya fi aiki cikin awa 48 na farko.

A gidajenmu ɗaukar wannan ƙa'ida na nufin abubuwan da ke da nauyi a al'ada. Mai tari ya haƙura da shiga ɗakin Hajiya gaisuwar safe na 'yan kwanaki, ya gaishe ta daga tsakar gida. A buɗe taga da rana ko da ana sanyi, maimakon a toshe ko'ina a kunna garwashi a kwana cikin numfashin juna. A ware masa kofi da cokali. In fita ta zama dole, takunkumin nan da muka jefar yana nan da amfaninsa. Masu zuwa dubiya, Allah ya saka musu, su yi addu'a daga bakin ƙofa. Sannan, wanda ya fi duka wuya, a bar uwar gida ta kwanta. Ita ce ke goge majinar kowa, ita ce ta fi kowa shaƙar ƙwayar, ita ce kuma ake fara cewa gajiya ce. Shayin citta da kanumfari da zuma na sanyaya maƙogwaro, farasitamol na sauke zazzaɓi, ruwa da barci su yi sauran. Zuma dai ba a ba yaron da bai cika shekara ba.

Akwai kuma inda ba a jiran wani gwaji, sai asibiti. Uwa za ta iya ɗage rigar ɗanta ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga wanda bai kai shekara ba, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, wannan alamar ciwon ya sauka huhu ne. Haka in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi. Ga babba, haki a zaune, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko zazzaɓin da ya tafi ya dawo da ƙarfi. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu shimfiɗe a ganɗa ba mura ba ce, mashaƙo ake tsoro, wadda ta ɓarke tun ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha ɗanɗana ta. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a watannin rani, sanƙarau. Tarin da ya wuce mako biyu, a kai kaki a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada.

Yaya ba ta je sunan ba. Ta aika da turmin atamfa da kayan jarirai, ta yi wa mai jego barka a waya da muryarta a dishe. Wasu daga dangin miji ba su ji daɗi ba, an yi 'yan maganganu, har da mai cewa ai an ce gwajin farko bai nuna komai ba. Sai bayan mako biyu ta shirya ta tafi. Ta wanke hannu a bakin randa kafin ta shiga ɗakin, aka miƙo mata yaron a cikin shawul yana barci, ta daɗe tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.